Sawu a Ƙarƙashin Tagar Kafinta

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, shi ma a kusurwar ɗaki inda ba mai ganina. Shafin nan na farko sau uku ina yaga shi. In kun ga inda na yi tuntuɓe, ku ɗauke kai kamar ba ku gani ba, ku bi mutumin da zan ba ku labarinsa. Ya fi ni sanin hanya.

*

Ranar Talata da safe aka tsinci tsohon kafinta yashe a ƙasa tsakanin gadonsa da ƙofa. Ya yi amai har cikinsa ya ƙare, gudawa ta galabaitar da shi, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Matar autansa ce ta gan shi da ta kai masa ruwan zafi. Kafin babban ɗansa ya samo mota, magana ta ɗauke masa. A asibiti likita ya ce wannan ba zazzaɓin da tsohon ke fama da shi ba ne, wani abu ne ya shiga cikinsa, a je a binciko ko mene ne, kuma a yi da wuri.

Kafin hantsi ya ɗaga, wani abun nan ya zama guba a bakin mutanen layin. Kafin azahar, gubar ta sami mai ita.

Sai aka aika wa Ido-ƙasa. Haka ake kiransa tun yana saurayi, don ko gaisawa yake da mutum, ƙafarsa yake kallo. Shi ne shugaban masu gadin unguwa, kuma shekara talatin ke nan in an fasa shago ko an kwance akuya, shi ake nema kafin a nemi 'yan sanda. Yakan dubi ƙasa ya ce, "Gajere ne, da kaya a kafaɗar dama, kuma takalmin aro ne," a je a tarar haka ɗin ne. Kafinta kuwa amininsa ne tun suna yawo ba wando.

Akwai abin da kafinta kaɗai ya sani game da shi. Shekara shida Ido-ƙasa yana fama da ciwon nan da likitoci ke kira gawut, mai kama tushen babban yatsan ƙafa ya kumbura shi ya yi jajir, ko mayafi ya taɓa wurin sai mutum ya ji kamar an kafa masa ƙusa. Kafinta ma yana da shi, amma shi bai ɓoye ba, a zaune yake aikinsa. Mai bin sawu kuwa, ranar da aka ce ƙafarsa ta lalace, ranar za a fara neman wani. Saboda haka can ƙarshen gari yake zuwa sayen maganinsa, takalmi yakan sayi wanda ya fi ƙafarsa girma, kuma ya koya wa kansa tafiya a miƙe in da idon mutane.

*

A ƙofar shagon kafinta babban ɗan ya tare shi.

"Kawu, ba sai ka wahala ba. Mun san mai aikin. Shaida kawai muke so mu miƙa wa 'yan sanda."

"Wane ne?"

Ƙanwar kafinta, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, ta riga shi amsawa. "Wace ce dai. Duk layin nan an ji shi ranar Asabar yana cewa yarinyar nan so take ta ga bayansa. Ita ke dafa masa, ita ke ba shi ruwa. Yau kuma kafin mu iso ta wanke shi, ta goge ɗakin tas. Mai gaskiya me zai sa ta yi saurin gogewa?"

"Tana ina?"

"Ɗakinta," in ji babban ɗa. "Na sa kwaɗo."

"Mijinta fa?"

"Auta yana kan hanya da tirela, sai jibi. Gara ya dawo ya tarar an gama."

"Ku ba ni zuwa la'asar," in ji Ido-ƙasa. "Kada wanda ya kira kowa kafin nan."

Ya shiga shagon. Zarto yana rataye a ƙusarsa, ga wata kujera mai ƙafa uku tana jiran ta huɗu, ga dusar katako ta rufe ƙasa. Ta cikin shagon ake bi a shiga gida, ɗakin tsohon kuma yana bayan shagon. Da an bar dusar nan yadda take, da ya karanta ta kamar wasiƙa, amma rabin unguwa ya shiga ya fita.

"Wanda bai tattaka nan ba yau sai jaririn da ba a haifa ba," ya ce, ya zagaya baya.

Tagar ɗakin tana kallon wani lungu inda famfo ke ɗiga, ƙasar wurin kullum a jiƙe. A ƙarƙashin tagar akwai sawun mutum ɗaya. Dama ta taka sosai, hagu ta taka da gefen waje, takalmin kuma ya fi ƙafar girma. Bai buƙaci ya tsuguna ba.

Ranar Lahadi da yamma ya biyo ta lungun nan, inda ba mai ganin ɗingishinsa. Kafinta ya leƙo ta taga, fuska duk gumi.

"Kai tsohon ɓarawo, kana da maganinka na ƙafa a aljihu?"

"Naka fa?"

"Matar Auta ta kwashe ta ɓoye. Yarinyar da jiya-jiya aka kawo ta gidan nan, ita ke yanke mini abin da zan haɗiya. Dubi ƙafata, kamar an hura ta."

Ido-ƙasa ya duba, ya ji ciwon a tasa ƙafar. Ya zazzage ƙwaya goma a takarda ya miƙa masa. "Biyu yanzu, ɗaya bayan awa guda, sannan safe da yamma. Haka nake yi."

"Kada ka gaya wa kowa."

"Kai ma kada ka gaya wa kowa ina da ciwon."

Yanzu da yake tsaye a kan sawun, wani tunani ya gilma masa, ya kore shi. Shekara shida yana shan ƙwayar nan, iyakarta ta ɗan saki ciki. Magani ai ba guba ba ne. Bai taɓa share sawu ba a rayuwarsa, yau ma bai share ba. Ya dai jawo wani guntun falanki ya rufe wurin, ya gaya wa zuciyarsa don kada yara su tattake ne.

*

Ya fara da abin da ya fi sauƙi. Kafinta yakan zuba ruwan tsinka fenti a robar lemo, kuma tsoho mai zazzaɓi yana iya kai hannu ya kurɓa. Robar tana can saman kantar shagon, ƙura kwance a murfinta, ba yatsan da ya taɓa ta tun makon jiya.

Sai mai walda na maƙwabta, wanda shekara goma suna rigima da kafinta a kan tartsatsin wuta da ke faɗawa cikin dusa. An ga ya sayo maganin ɓera ranar Juma'a. Ya ɗage gilashin fuskarsa yana jin tambayar.

"Na ce zan kashe shi, ban musa ba. Sau ɗari na faɗa. Shi ma ya ce zai yi mini akwatin gawa kyauta. In ya mutu da wa zan yi faɗa? Da kai? Kai ko ido ba ka haɗawa da mutum."

"Ina maganin?"

Ya nuna masa bayan wasu ƙarafa. Ƙulli uku ya saya, ga ukun nan a jere. Kewaye da su sawun ɓeraye ne ƙanana kamar ɗinki, ba na mutum ko ɗaya.

"Yaya jikin nasa?" mai walda ya tambaya, murya ta sauka.

"Da sauƙi za a ce."

"Yarinyar nan fa, ni ban yarda ba. Kullum ina jin ta tana lallashinsa ya ci abinci, yana zaginta tana ba shi haƙuri. Amma wa ya tambaye ni."

*

Babban ɗa ya buɗe kwaɗon yana ɓata rai, ya koma waje. Matar Auta tana zaune a ƙasa, ta jingina da gado. Tana ganinsa ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Kawu. Yaya jikin Baba? Ba wanda ya gaya mini."

"Yana hannun likita. An ce kin goge ɗakin kafin a zo."

Ta sunkuyar da kai. "Ya ɓata jikinsa ne. Na san mutane za su cika ɗakin. Ban so a gan shi a haka ba."

"An ce kuma kin hana shi maganinsa."

"Na hana shi."

Ba ta jira wata tambaya ba. Ranar Alhamis ita ta raka shi asibiti, da zazzaɓi da tari. Aka auna shi aka ce ƙwayar cuta ce ta bairos, aka ba shi maganin kwana biyar. Mai ba da magani ta tambayi abin da yake sha a gida, ita kuma ta zo da su duka a leda. Matar tana ganin na ciwon ƙafa ta ware shi gefe, ta ce wannan kada ya kusance shi sai an gama sabon, an kuma dawo an tambaya, balle shi da ƙodarsa ba ta da ƙarfi. In ƙafar ta tashi a kawo shi, akwai abin da za a yi masa.

"Ranar Asabar ƙafar ta tashi. Na ce mu koma, ya ce ba inda za shi. Na sa masa ƙanƙara, ya yi jifa da ita."

"Ya ji abin da matar ta faɗa?"

"Yana zaune a wurin. Ya ce tsoron 'yan boko ne."

"Me ya hana ki gaya wa mutanen gida?"

"Na gaya wa Gwaggo, ta ce iyayina ya yi yawa. Yau da safe na fara magana, Yaya ya ce in rufe masa baki."

Ta jawo akwati, ta zaro wata safa, ta fito da ƙaramar roba. A jikinta an ja layi biyu da jan biro, an rubuta: KADA A HAƊA DA SABON MAGANI. Ido-ƙasa ya buɗe ya zazzage kaɗan a tafinsa. Ƙanana ne, ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Irinsu sak suna cikin aljihunsa na dama, yana jin robar a jikin cinyarsa.

"Ashirin da huɗu na karɓa, ashirin da huɗu ne," ta ce. "Amma Kawu, ka sa likita ya duba, ko ya samo wani a wani wuri. Ni ban ga wanda ya shigo ba. Ranar Lahadi na yi wanki a tsakar gida, na daɗe ban leƙa shi ba. An ba ni amanarsa na kasa tsarewa."

Ya miƙa mata robar ba tare da ya ɗago ba. Kallon ƙasa ɗabi'arsa ce, ba ta ga wani sabon abu ba.

Kafin ya fita ya shiga ɗakin tsohon, ya sa hannu cikin rigar matashin kai. Takardar tana nan a cukuikuye. Babu ko ɗaya a ciki.

*

Mai kemis ɗin da ke ƙarshen gari ta san shi da fuska kawai. Ta yi masa murmushi.

"Baba, har ƙwayar ta ƙare?"

"Tambaya na zo yi. In mutum yana shan maganin bairos na kwana biyar, ya haɗa da wannan da nake saya, me zai faru?"

Murmushin ya tafi. "Wanda ke da sinadarin ritonabir a ciki? Wa ya haɗa?"

"Wani ne."

"Baba, wancan maganin yana tare hanyar da jiki ke bi ya fitar da kolcisin, wato wannan taka. Sai ta yi ta taruwa a jini ba mafita, 'yar kaɗan ta yi aikin mai yawa. Amai, gudawa, jiki ya mutu, daga nan ta taɓa jini da ƙoda. Nawa ya sha?"

"Goma. Cikin kwana biyu. Ƙodarsa kuma ba ta da ƙarfi."

Ta tambayi asibitin, ta nemo lambar ɗakin da aka kwantar da shi, ta miƙa masa wayar. Ya faɗa wa likita sunan ƙwayar da yawanta da lokacin da aka fara. Likita ya ce an taimaka ƙwarai, yanzu ya san abin da yake yaƙa, sauran sai addu'a. Sannan ya ce, "Wa ya ba shi?"

"Muna kan bincike," in ji Ido-ƙasa.

Mai kemis tana kallonsa. Ya ajiye mata wayar a kan kantar kemis ɗin, ya fita ba sallama.

*

Labari ya riga shi isa gida, don likita ya kira babban ɗa. Ya tarar da shagon cike: Gwaggo a kan benci, mai walda a bakin ƙofa, maƙwabta sun jeru jikin bango. An fito da matar Auta tana tsaye ita kaɗai kusa da kujerar nan mai ƙafa uku. Robar tana hannun babban ɗa.

"Kawu, aiki ya ƙare. Likita ya ce maganin ƙafa ne. Ga shi a akwatinta, cikin safa. Ita kaɗai aka gaya wa haɗa su kisa ne, ga rubutu ma da jan biro."

"Ashirin da huɗu ne, Yaya," ta ce a hankali. "Ka ƙirga."

"Wa ya ƙirga tare da ke ranar da kika karɓa?"

Ido-ƙasa ya ga cewa ba a buƙatar ya yi ƙarya ko ɗaya. Abin da zai yi kawai shi ne ya yi shiru, a kira 'yan sanda, gobe ya ci gaba da zama Ido-ƙasa. In kafinta ya tashi zai wanke ta. In bai tashi ba fa? Ya dubi ƙafafunta. Yatsun sun dunƙule cikin dusa kamar na wanda ke tsaye a bakin rijiya.

"Ku biyo ni," ya ce.

Ya kai su lungu, ya ɗaga falankin.

"Ba ta ƙofa maganin ya shiga ba, ta tagar nan ya shiga. Namiji ne, ya haura sittin. Ya tsaya nan kamar minti goma, nauyinsa duk a dama. Hagu tana ciwo a tushen babban yatsa, shi ya sa yake taka gefe. Takalmin ya fi shi girma, da gangan ya saya haka. Yana ɓoye ɗingishinsa, sai ya tabbata ba kowa yake sakinsa."

Suka koma shago. Ya ɗauki tsintsiya ya baje dusa daga bango zuwa ƙofa, ya lallaɓe ta da gefen katako har ta kwanta sumul. Haka yake yi kullum in zargi ya tsaya a kan mutane da yawa: kowa ya taka, a gwada.

Mai walda ya fara wucewa. "A duba da kyau, ni ƙafafuna duka biyun ne suka lalace." Ba wanda ya yi dariya. Babban ɗa ya wuce, maƙwabta maza suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta ce ai an ce namiji, amma a sa yarinyar ta taka, wa ya sani ko takalmin wani ta ara. Matar Auta ta taka, sawunta ƙarami, a miƙe.

"Kawu, ba wanda ya dace," in ji babban ɗa. "Lokaci muke ɓatawa."

"Saura mutum ɗaya."

Ya je bakin bango ya tsaya. Shekara shida bai bar ƙafar nan ta yi abin da take so a gaban mutane ba. Ya sake ta. Ya ratsa dusar yana ɗingishi, kowane taku yana jin idanu a bayansa, har ya kai ƙofa. Ya zauna a dokin ƙofar, ya cire takalmin hagu, yatsan ya fito ja, a kumbure, yana sheƙi. Ya ciro robarsa ya ajiye kusa da ƙafar.

"Ƙwaya goma, ranar Lahadi da yamma. Ya ce mini ta hana shi magani, na ɗauka mugunta ce, ban tambayi dalili ba. Tun ɗazu na ga sawuna, na rufe shi. Likita ya tambaye ni wa ya ba shi, na ce ana bincike. Yarinyar nan ita kaɗai ce a cikinmu ta yi abin da aka ce a yi. In za a kira 'yan sanda, ga ni."



Gwaggo ce ta fara magana. "Haba, wane irin 'yan sanda. Ai tsautsayi ne. Taimako ka yi niyya."

"Wallahi kuwa," in ji wani maƙwabci. "Kowa yana ba abokinsa magani."

"Kawu, tashi daga ƙasa don Allah," in ji babban ɗa, ya tura robar hannunsa cikin aljihu. "Baba ne da taurin kai, mun san halinsa. Shekara nawa kana fama da ƙafar nan ba ka faɗa ba?"

Suka kewaye shi. Wani ya ce ya san mai maganin ƙafa, wani ya ce ya rage cin nama, wani ya kawo masa kujera. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya jira ya ji wani ya juya ya ce wa matar Auta ko da yi haƙuri ne, bai ji ba. Shi ma da ya buɗe baki ya faɗa, sai ya tarar ba zai iya ɗaga kai ya nemi fuskarta ba.

Yana sunkuye ya ga dusar, ta tsakanin ƙafafun mutane. Wani sabon sawu ya fito daga cikin gida, ya bi ta jikin bango, ya ratsa na kowa, ya wuce ta gefensa ya fita. Ƙarami ne, ba takalmi, a kan yatsu aka yi tafiyar. Dama ta fi nutsewa, akwai jaka a wannan hannun.

Gwaggo ta juya wajen ƙofar cikin gida ta ɗaga murya. "Ke matar Auta, ɗora ruwa a gasa wa kawunku ƙafa."

Ta jira, ta sake kira.